Baƙuwar Mako a Garin Haihuwarta: Anna May Wong da Talabijin ɗin Amurka

A watan Oktoba na 2022 hukumar buga kuɗi ta Amurka ta fitar da kwandalar santi 25 ɗauke da fuskar Anna May Wong, ta tallafe haɓa da hannu. Ita ce ta farko cikin Amurkawa 'yan asalin Asiya da hotonta ya hau kuɗin ƙasar. Jaridu suka yi ta guɗa, kuma labarin da aka riƙa maimaitawa guda ne: wai ta buɗe ƙofa, ta share hanya, har ma a shekarun 1950 ta riƙa fitowa a shirye-shiryen talabijin, alamar cewa al'amura sun fara gyaruwa tun a zamaninta. Wannan labari yana da daɗin ji, amma duk wanda ya zauna ya bi fitowar da ta yi a talabijin ɗaya bayan ɗaya zai ga abin da ya saɓa masa. Fitowar baƙunta da aka riƙa ba ta, ita da takwarorinta, hanya ce da masana'antar ta samu ta morar fuskokinsu ba tare da ta ba su mazauni ba. Kiran wannan ci gaba kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin yana wanke waɗanda suka tsara abin, ya kuma koya wa na baya su gamsu da ɗan leƙe.

Kafin a auna abin da talabijin ya ba ta, ya kamata a san abin da ta zo da shi. An haife ta a Los Angeles ranar 3 ga Janairun 1905, sunanta na yanka Wong Liu Tsong, mahaifinta mai shagon wanki da guga. Iyayenta ma a Amurka aka haife su. Tana da shekara 17 ta ja ragamar fim ɗin The Toll of the Sea a 1922, ɗaya daga cikin finafinan farko masu launi. A 1924 ta fito tare da Douglas Fairbanks a The Thief of Bagdad, aka ba ta gurbin baiwa. Da ta gaji da irin guraben da ake miƙa mata, sai ta haura Turai a 1928, ta yi finafinai a Jamus da Ingila, cikinsu har da Piccadilly na 1929 wanda har yau ake yabon aikinta a cikinsa. A 1932 ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Marlene Dietrich a Shanghai Express. Sai kuma aka zo kan The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin daga farko har ƙarshe. Kamfanin MGM ya ba Paul Muni gurbin mijin, ya ba Luise Rainer haifaffiyar Jamus gurbin matar, aka gyara musu idanu da kayan kwalliya, Rainer ta ci kyautar Oscar da shi. Ƙa'idojin tace finafinai na wancan zamani sun hana nuna soyayya tsakanin launin fata biyu. Sharaɗin a rubuce farare da baƙaƙe ya ambata, amma kamfanoni suka fake da shi: tunda an ɗauki Bature ya zama mijin, to matar ma sai Baturiya. Wato ita da take 'yar asalin Sin ta gaske ba ta cancanci zama matar Basine na bogi ba.

Wannan ce matar da ta shigo talabijin a 1951, da gogewar shekara talatin a gaban kyamara da kan dandamali, tana iya wasa da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci. Tashar DuMont ta shirya mata shiri nata na kanta, The Gallery of Madame Liu-Tsong, aka ma sa masa sunanta na yanka. Ta fito a matsayin mai dillancin kayan fasaha da zane-zane, wadda sana'arta ke jefa ta cikin binciken laifuka da makircin ƙasa da ƙasa. Shi ne shirin farko a talabijin ɗin Amurka da ɗan asalin Asiya ya jagoranta. An fara nuna shi ranar 27 ga Agusta, aka rufe shi ranar 21 ga Nuwamba na wannan shekarar, bai cika wata uku ba. DuMont tasha ce mai ƙaramin ƙarfi, ta kuma durƙushe a 1956, saboda haka ba za a ɗora dukkan laifin mutuwar shirin a kan wariya ba. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Manyan tashoshin nan uku masu kuɗi, NBC da CBS da ABC, babu wadda ta ce bari a sake gwadawa da marubuta na kirki da kasafi mai kauri. Shirin kansa ma ba a bar shi ya rayu a ma'ajiya ba. A 1996 jaruma Edie Adams ta ba da shaida a zaman sauraron bahasi na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka cewa a shekarun 1970 an loda tarin faifan DuMont a manyan motoci aka zubar da su cikin ruwan gaɓar New York. Ba a san ko kashi ɗaya na shirin Wong da ya tsira ba. Ƙasar da ta buga fuskarta a kan kwandala ba za ta iya nuna wa ɗalibi minti guda na aikin da ya fi kowanne cancantar wannan girmamawa a talabijin ba.

Daga nan sai zaman baƙunta. Shirye-shiryen wancan zamani sukan kai kashi 39 a shekara. Kowane shiri yana da 'yan gida, wato jaruman da aka ƙulla yarjejeniya da su, masu albashi tabbatacce, waɗanda mai kallo ke sabawa da su mako bayan mako har su zama tamkar danginsa. Sannan akwai baƙin mako, waɗanda ake kira domin kashi ɗaya, a biya su, a sallame su. A tsarin labari, baƙo shi ne matsalar da jarumi zai warware: ko a cece shi, ko a kama shi, ko ya mutu kafin a rufe. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a nan maganar ta zauna daram, domin mako mai zuwa babu wanda zai ambaci sunansa a cikin labarin. Ga ɗan wasan da yake Bature, baƙunta matakala ce: yau likita, gobe ɓarawon shanu, jibi lauya, har a gan shi a ba shi shirinsa. Ga Wong kuwa ba a kiranta sai ranar da marubuci ya ga dama ya kai labarinsa unguwar Sinawa ko wata tashar jirgin ruwa a Gabas. Da wuya a ga furodusan da ya kira ta ta zama malamar makaranta ko maƙwabciya kawai, alhali a Los Angeles ta tashi, da harshen Kalifoniya a bakinta.

Jerin fitowarta ya isa hujja. A 1956 ta fito a wasan The Letter na shirin Producers' Showcase a NBC, ƙarƙashin darakta William Wyler, a gurbin matar Asiya da ke riƙe da wasiƙar da za ta tona asirin mai kisa. Wyler ɗin nan ya taɓa yin wannan labari a fim a 1940 tare da Bette Davis, kuma a lokacin Baturiya Gale Sondergaard ya ba gurbin. Sai bayan shekara 16, da aka rage labarin ya koma wasan dare ɗaya, aka tuna da ita. Ta fito a Climax! da Mike Hammer da Adventures in Paradise. A 1960 ta fito a The Life and Legend of Wyatt Earp a matsayin China Mary, shugabar Sinawan garin Tombstone, kashi ɗaya cikin shirin da ya shekara shida ana nunawa. A shirin tafiye-tafiye na Bold Journey ta gabatar da hotunan da ta ɗauka a ziyararta ta Sin ta 1936, aka sa wa kashin take mai ma'anar ƙasar haihuwa, alhali wannan ziyara ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da ta taɓa kai wa ƙasar. Fitowarta ta ƙarshe a The Barbara Stanwyck Show ce, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta ranar 3 ga Fabrairun 1961. A cikin wannan kashi Stanwyck ce 'yar kasuwa mai shago a Hong Kong wadda harkarta ke jefa ta cikin haɗari, Wong kuwa tana gefe. Kusan irin labarin da aka gina mata a 1951 ke nan, sai dai shekara goma bayan nan mai shagon ta koma Baturiya.

Masu kare masana'antar suna da uzuri, kuma ya dace a saurare su. Uzurin farko na kasuwa ne. Suka ce a ƙidayar 1960 'yan asalin Asiya ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Amurka ba, talabijin kuwa kasuwanci ne, don haka babu mai zuba kuɗi a shirin da jaruminsa Basine ne. Da wannan magana gaskiya ce, da ba a ga jarumi Basine a talabijin ba sam. To amma an gani. A 1956 an nuna The Adventures of Dr. Fu Manchu, Bature Glen Gordon ne ya fito a matsayin mugun. A 1957 aka fara The New Adventures of Charlie Chan, kashi 39 cif, J. Carrol Naish ɗan asalin Ayaland ne ya zama ɗan sandan ciki Basine. A silima ma haka: Jennifer Jones a Love Is a Many-Splendored Thing na 1955, Marlon Brando a The Teahouse of the August Moon na 1956, Mickey Rooney a Breakfast at Tiffany's na 1961. Ashe akwai kasuwar labarin mutanen Asiya, an kuma ci ribarta. Abin da aka ƙi shi ne ɗan Asiya ya karɓi albashin jarumi ya kuma riƙe sunan. Ƙarancin yawan nasu ma ba daga sama ya faɗo ba. Dokar 1875 ta toshe shigowar matan Sin, dokar 1882 ta hana ma'aikatan Sin shiga, kuma da aka soke ta a 1943 sai aka yanka wa Sinawa gurbin mutum 105 kacal a shekara. Wong kanta, 'yar ƙasa haifaffiya, sai ta nemi takarda ta musamman daga ofishin shige da fice kafin ta fita, domin a bar ta ta dawo gida. Ƙasar da ta rage yawan mutane da doka ba ta da bakin kafa hujja da ƙarancinsu.

Kuma kalmar kasuwa tana ɓoye wasu mutane masu suna da ofis. A shekarun 1950 kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shiri da dillalan tallarsu su ne masu wuƙa da nama a kan abin da za a nuna. Nat King Cole, mawaƙin da faifansa ke sayuwa kamar me, ya sami shiri a NBC a 1956, aka rufe shi a 1957 saboda babu kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyinsa a faɗin ƙasa, don tsoron ɓata wa masu saye na jihohin Kudu rai. Wannan shawara ce da wasu suka zauna suka yanke, suka zaɓi biyan buƙatar mai wariya a kan ta kowa. Sanya wa irin wannan shawara sunan kasuwa tamkar a ce babu wanda ya aikata ne.

Uzuri na biyu ya shafi Wong ita kaɗai: wai lokacin da talabijin ya bunƙasa ta manyanta, ga rashin lafiya, domin ta yi fama da ciwon hanta a shekarunta na ƙarshe. Wannan gaskiya ne. Amma idan tsufa da ciwo ne suka tare ta, to matasa masu lafiya da suka biyo bayanta sai su wuce. Miyoshi Umeki, haifaffiyar Otaru a Japan, ta ci Oscar a 1958 da fim ɗin Sayonara, ta zama mace ta farko 'yar Asiya da ta ɗauki kyautar a fannin wasa. A cikin fim ɗin ma Ricardo Montalbán ɗan Meziko ne ya fito a matsayin ɗan wasan gargajiya Bajapane. Shekara biyar bayan kyautar, ga Umeki baƙuwar mako a shirin makiyaya na Rawhide, a kashin da aka sa wa suna Incident of the Geisha. Da ta sami mazauni na dindindin daga 1969 zuwa 1972 a The Courtship of Eddie's Father, mai aikin gida aka ba ta. Wong ma a fim ɗinta na ƙarshe, Portrait in Black na 1960, mai aikin gidan Lana Turner ce.

Misalin Lisa Lu ya fi kowanne kaifi. An haife ta a Beijing a 1927. A zangon 1960 zuwa 1961 na shirin Have Gun – Will Travel ta fito a matsayin ma'aikaciyar otel da ake kira Hey Girl, wato ke yarinya, inda ta maye gurbin Kam Tong da ake kira Hey Boy, kai yaro. A 1961 ta baƙunci Bonanza a matsayin baiwar da ɗaya daga cikin 'yan gidan ya ci a caca, yana zaton doki aka sa. Wannan mata dai ita ce ta je Hong Kong ta fito a matsayin sarauniya Cixi a fim ɗin The Empress Dowager na 1975, ta kuma ci kyaututtukan Golden Horse, mafi girma a finafinan harshen Sinanci. Baiwarta ba ta ƙaru a cikin jirgin sama ba. A wuri ɗaya an ga sarauniya a cikinta, a ɗayan ba a ga ma tana buƙatar suna ba.

Akwai wani ɓangare kuma da ke juya zargin kan matan. Suka ce ai su suka karɓi guraben baiwa da muguwa da mai aiki, su suka ara wa ƙarya fuskarsu. Wong ta sha wannan suka tun tana raye. Da ta je Sin a 1936, jaridu da jami'an gwamnatin ƙasar sun zarge ta da zubar da mutuncin matan Sin a idon duniya. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Ba ita ta rubuta labaran ba, ba ita ke raba gurabe ba, kuma ƙin karɓa ba ya kashe gurbin, sai dai a kira Baturiya a ja mata gefen ido da ɗanko. Ga shi kuma ba ta yi shiru ba: ta yi ƙaura zuwa Turai don neman aiki na mutunci, ta soki irin yadda ake nuna Sinawa a hirarrakinta da 'yan jarida, ta fito a Daughter of Shanghai na 1937 tare da Philip Ahn a matsayin jaruman da ke fatattakar masu safarar mutane, ta kuma ba da kuɗi da lokacinta wajen agajin Sin lokacin yaƙi da Japan. Mai zarginta yana neman 'yar wasa guda ta gyara abin da kamfanoni da tashoshi da majalisa suka haɗu suka gina.

Uzuri na ƙarshe shi ne mafi laushi, kuma shi ya fi yaɗuwa: da babu gara ba daɗi, an dai gan su, kuma sannu ba ta hana zuwa. Karin maganar yana da ƙarashe, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma lissafin shekaru ya nuna irin daɗewar. Shirin Wong na 1951 ne. Shirin barkwanci na iyalin Amurkawa 'yan asalin Asiya da Margaret Cho ta jagoranta, All-American Girl, sai a 1994 ya zo, ya yi zango ɗaya ya mutu. Na gaba irinsa, Fresh Off the Boat, sai a 2015. Sandra Oh ce mace ta farko 'yar asalin Asiya da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Emmy ta babbar jarumar wasan kwaikwayo, a 2018, kuma ba a ci kyautar ba sai da Anna Sawai ta ɗauke ta a 2024 da shirin Shōgun. Tsakanin 1951 da 2024 shekara 73 ke nan. Da fitowar baƙunta matakala ce, da ba a shekara saba'in ana hawa ba. Akwai ma dalilin ganin cewa ta jinkirta tafiyar, domin ta ba tashoshi abin nunawa duk ranar da aka tuhume su, ta kuma saba wa miliyoyin masu kallo da ganin fuskar Asiya a matsayin ta wadda ta zo daga nesa kuma za ta koma, ko da kakanninta sun riga kakannin mai kallon isowa ƙasar.

Abin da ya fara motsa dutsen ya fito ne daga 'yan wasan da kansu. A 1965 wasu daga cikinsu, ciki har da Mako da James Hong da Beulah Quo da Soon-Tek Oh, suka kafa ƙungiyar wasan dandamali ta East West Players a Los Angeles, domin su buga guraben da Hollywood ta hana su, su kuma reni marubutan da za su rubuta musu sababbi. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofar da aka rufe tun ƙarni na 19, yawan 'yan asalin Asiya ya ƙaru, aka sami masu kallo da masu zuba jari da daraktoci daga cikinsu. Sauyin da ake gani yau ya biyo bayan sauyin masu riƙe da alƙalami da kuɗi ne. Yawan leƙowar fuska a allo bai taɓa zama ma'aunin adalci ba. Ma'aunin shi ne wa ya rubuta, wa ke cikin yarjejeniyar albashi, wa zai dawo mako mai zuwa, kuma wa ke ajiye faifan bayan an gama.

Kwandalar 2022 ba laifi ba ce, kuma Wong ta cancanci fiye da ita. Laifin yana cikin labarin da ake rakiyar kwandalar da shi, wanda ke mai da shekara goma na ƙasƙanci zuwa babin nasara. Girmamawa ta gaskiya ita ce a faɗi abin da ya faru da sunansa: an sami 'yar wasa mai daraja ta duniya, aka ba ta wata uku a tasha mai mutuwa, sannan aka riƙa kiranta jefi-jefi ta cike gurbin baƙuwa a garin da aka haife ta. Ta rasu a gidanta na Santa Monica tana da shekara 56, tana shirin fitowa a Flower Drum Song, fim ɗin da kusan dukkan 'yan wasansa 'yan asalin Asiya ne. Gurbin nata sai aka ba Juanita Hall, wadda ba 'yar Asiya ba ce.